Fetur a Motar Burodi

Da ƙurar alli a hannunta Auta ta iso gidan man, ko jakar makaranta ba ta tsaya ta ajiye a gida ba. Duk wanda ya san ta zai gaya maka ba mafaɗaciya ba ce, yaran ajinta ma sun raina tsawarta. Amma ranar nan, da ka tare ta a hanya da ka sha mamaki.

"Ina wanda ya zuba wa motar burodi fetur da safen nan?"

Ma'aikatan suka kalli juna, ɗaya ya nuna mata bayan ofis da baki. Can ta tarar da wani dogon saurayi zaune a kan bulo, ya cire rigar aiki ya ninke ta a cinya yana ta shafawa.

"Kai ne?"

Ya miƙe tsaye. "Ni ne."

"Makaho ne kai ko kuwa tsabar mugunta ce? Motar da ta shekara ashirin da biyu tana shan dizal, kai ka tashi rana ɗaya ka ɗura mata fetur! Da motar nan aka ciyar da mu, da ita aka yi min makaranta. Ka san mahaifina tun safe yana zaune a tsakar gida, ko ruwa ya kasa sha?"

Ta faɗi wannan, ta faɗi wancan. Shi kuwa kansa na ƙasa har ta gaji don kanta.

"Ki yi haƙuri, Malama. An ma sallame ni, kuma ban ga laifin manaja ba." Ya ɗago kai. "Baba ya isa gida lafiya? Shi kaɗai ya koma, ko wani ya raka shi?"

"Ina ruwanka?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani baƙin murfi ya miƙa mata. "Na tankin ne. A nan aka bar shi."

"Har murfin ma ba ka rufe ba! Kai dai Allah ya shirye ka."

Ta fizge ta juya. Sai da ta kai bakin titi ta lura duk zagin nan da ta yi masa, ko sau ɗaya bai kare kansa ba. Ta kuma lura, ba da son ranta ba, idanunsa irin na mutumin da ya daɗe da sanin baƙin ciki ne. Ta ja tsaki ta tare mota.

Mahaifin nata, wanda kowa ke kira Baba Mai Burodi, shekara talatin yana loda burodi mai zafi daga gidan gashi yana raba wa shaguna talatin da biyu, bai taɓa riƙe takarda ba, duk a kansa suke. Motar fara ce, ta tsufa tukuf, ƙofar baya sai an ɗaure da igiya, amma kowa ya shiga sai ya ji yunwa saboda ƙamshi. Yakan ce 'ya'yansa huɗu ne: biyu sun yi aure, ɗaya tana koyarwa, ɗaya tana shan dizal.

Washegari Auta ta je gareji don ta ji abin da ake ciki. Bakaniken, wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare, ya girgiza kai.

"'Yata, da bai tayar da ita ba, da abin ya zo da sauƙi. A zuƙe tanki, a wanke, shi ke nan. Shi dizal yana da maiƙo, da shi famfon injin yake santsi. Fetur kuwa wanke maiƙon yake yi, sai ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. To Babanki ya ja ta tana tari tana hayaƙi har kilomita uku. Famfo ya tafi, injektocin da ke fesa wa inji mai sun tafi. Kuma mota tsohuwa irin wannan, kayanta sai an tona."

Tana tsaye tana haɗiye hawaye sai ta ga wasu dogayen ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashin motar.

"Wannan fa?"

"Oho. Tun da na buɗe gareji na same shi a ƙofa. Ya ce a bar shi ya wanke layin mai, ba ya son komai."

Mai ƙafafun ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. Shi ne. Ya ce, "Ina kwana, Malama."

Ta juya masa baya. Amma kwana biyar tana biyowa ta garejin bayan an tashi makaranta, kwana biyar tana samunsa. Ran na shida ta ajiye masa ruwa mai sanyi a kan taya ta wuce. Ran na bakwai bakanike ya ce shi fa ya tsufa da kiran waya, ta karɓi lambar saurayin, wanda ake kira Dogo, duk abin da ake ciki zai sanar da ita. Tsohon nan ya san abin da yake yi sarai. Ta rubuta lambar, ta sa mata suna Mai Ɓarna.

Saƙonsa na farko ya shigo tana cikin aji:

"Malama, an gama wanke tanki da layi. Saura famfo da injekta, ana nema. Yaya jikin Baba? Yana cin abinci?"

Ta mayar masa:

"Yana ci. Kai ka samu aiki?"

"Na samu, wajen wankin mota. A nan ruwa kawai ake zubawa, ba yadda za a yi in ɓata."

Dariya ta kufce mata a gaban yara arba'in, sai da ta juya ta fuskanci allo.

Daga nan abu ya fara. Saƙo ya zama kira, kira ya zama tsayuwa a bakin makaranta da yamma, yana riƙe mata littattafan yara har tashar mota. Ba mai yawan magana ba ne, amma ya iya saurare, duk abin da ta faɗa masa yau sai ta ji shi a bakinsa bayan sati biyu. Maraya ne, yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayarsa. Yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Dogona in babu kowa a kusa. Sunan da ke cikin waya dai ta ƙi canzawa, wai don ya dinga tuna asalinsa.

Wata rana ya rubuto:

"Malamata, yau na wanke motoci tara, duk gilashin da na goge ke nake gani. Mai ta takwas ya ce me nake wa murmushi, na ce masa motarsa ce ta yi kyau. Allah ya yafe min, motar ba ta da kyau ko kaɗan."

"Allah ya shirye ka, Dogona. In da gaske kake, ka san hanyar gidanmu."

Ya sani kuwa. Ranar hutu ya sa kayansa mafi kyau, ya zo tare da mijin yayarsa, suka yi sallama suka durƙusa. Baba ya amsa da fara'a, har ya sa a kawo ruwa. Sai ya ƙura wa Dogo ido, fuskar ta canza.

"Kai ne yaron gidan mai?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka kashe min mota, ka zaunar da ni a gida kamar tsumma, sannan ka zo neman 'yata? Wanda bai iya bambance dizal da fetur ba, shi zan ba amanar mutum? Tashi ka bar min gida. In na sake ganin ƙafarka a nan, ni da kai ne."

Mijin yayar ya buɗe baki zai yi magana, Dogo ya taɓa gwiwarsa. Suka tashi. Auta tana bayan labule, ta cusa mayafi a baki don kada a ji kukanta. Umma ta dafa ta ta ce, "Ki yi haƙuri, Auta. Kin san Malam da motar nan."

Ana cikin haka sai ga Ɗan Gayu. Ubansa ke da babban shagon kayan gyaran mota, shi kuma aikinsa zama a shagon yana duba agogonsa. Ya daɗe yana son Auta, ita kuwa ko turarensa ba ta son ji. Da ya samu labarin motar sai ya ga ƙofa ta buɗe. Ya dinga zuwa gaida Baba, yana cewa ya sa a nemo famfo da injektoci ko a ina suke, motar nan sai ta tashi. Baba ya dinga sa masa albarka. Ba a jima ba ya kira Auta ya ce ya yanke shawara, ƙarshen wata iyayen Ɗan Gayu za su zo.

"Baba, ba na son sa."

"Shi wancan da kike so, me ya yi mana ban da ɓarna? Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa yi wa mota kuskure ba. Ba zan fara kuskure a kanki ba."

Kwana uku bayan haka, tana dawowa daga makaranta, ta hango Baba tsaye a bakin layinsu, hula a hannu. Layin da ya shekara ashirin yana shiga yana fita. Yana tambayar wata mata mai wucewa ko ta san gidan Baba Mai Burodi.

"Baba?"

Ya juyo, ya yi wata dariya wadda ba tasa ba. "Iska nake sha, Auta. Wasa nake mata."

Amma ya kama bakin mayafinta, bai saki ba har suka kai ƙofar gida.

Tana shiga ɗaki abin ya faɗo mata. Tun tana ƙarama, in ba makaranta, yakan ɗauke ta su tafi rabon burodi. Duk gidan man da suka tsaya sai ya sauko ya karɓi bakin famfon daga hannun ma'aikaci, ya ce ba mai shayar da 'yarsa sai shi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin ya bar wani ya zuba ba. Ta zauna a ƙasa.

Ko kaya ba ta canza ba ta nufi wajen wankin motar. Ta same shi yana matse tsumma.

"Dogo, dube ni. Ranar nan wa ya riƙe famfon?"

"An wuce wannan, Malamata."

"Na ce wa ya riƙe?"

Ya dubi ruwan da ke bin ƙasa. Sannan ya ajiye tsumman.

"Shekara biyu ina aiki a wurin, kullum shi yake zubawa da kansa. Dokar wurin ta hana, amma wa zai hana Baba? Ranar ina sallamar wata mata, kafin in juyo ya ja mota. Sai na ga bakin famfon fetur ne a rataye a karkace, murfi kuma a ƙasa. Na bi shi da gudu, ban cim masa ba. Da ya dawo a ƙafa yana faɗa, mutane suka taru, na dubi idonsa. Wallahi ba ƙarya yake yi ba. Bai san shi ya zuba ba."

"Shi ne ka ce kai ne."

"Na san kallon nan, Auta. Shekara huɗu ina jinyar mahaifiyata da wannan ciwon na mantuwa. Ranar da ƙanenta ya tsayar da ita a gaban mutane ya nuna mata ita ce ta bar wuta har ɗaki ya kama, daga ranar ba ta sake dariya ba har ta koma ga Allah. Ni aiki na rasa, ana samun wani. Shi kuwa da me zai tsaya a gaban mutane?"

Hawaye suka wanke mata fuska. "Ka tsaya na zage ka tas."

"Ai a nan na fara ganinki. Ban yi asara ba."

"Zan gaya masa yau ɗin nan."

"A'a. Ki gaya wa Umma. Ku kai shi asibiti da dabara, kada kuma ku bari ya sake hawa titi ko motar ta tashi. Amma kada ki ce masa shi ne."

"Ƙarshen wata za a ba da ni, Dogo! Kalma ɗaya ce tsakaninmu da aure. Ka gwammace ka rasa ni?"

Ya girgiza kai. "Ba zan iya aurenki ina kallon mahaifinki a karye ba, na kuma san ni na karya shi."

"To na gane. Ashe ba so na kake ba, tausayin Baba kake ji. Ni aka haɗa maka a cikin tausayin."

"Haba, Malamata."

"Kada ka sake kirana haka."

Ta tafi tana kuka a titi, mutane suna kallonta. Da ta gaya wa Umma a kicin, ta zaci za ta firgita. Umma ta ajiye ludayi kawai ta zauna a kan turmi.

"Wata shida ke nan ina bin bayansa, Auta. In ya kunna abu in kashe, in ya ajiye in ɗauke, in ya maimaita tambaya in amsa kamar yanzu na fara ji. Na ce ko gajiya ce. Ashe har yaron mutane muka zalunta."

"To mu gaya masa, Umma."

"Je ki gaya masa. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Sau biyu tana zuwa. Na farko ta same shi yana goge makullin motar da gefen rigarsa, yana cewa in ta tashi zai fara kai Auta makaranta kamar da. Na biyu ta same shi yana jera sunayen shagunansa a hankali, ya kai na sha tara ya tsaya, ya sake daga farko, ya sake tsayawa a wurin. Duk biyun ta ce masa shayi ta zo tambaya ko zai sha. A nan ta gane abin da Dogo ya gani, kuma ganewar ta fi fushin ciwo.

Saƙonnin Dogo suna shigowa, ba ta amsawa, ba don fushi ba yanzu, don ba ta san me za ta ce ba.

"Na ji kin hana ni sunan, na bari. Amma ki sani, tausayi ba ya hana mutum cin abinci. Yau kwana shida."

"Ko an ba da ke, in Baba ya ɓata a hanya ki kira ni. Na san inda irinsu suke zuwa, wuraren aikinsu na da suke nema."

Wannan na biyun ta karanta shi ya fi sau ashirin. Ta rubuta, "Ka yafe min, Dogona." Ta kasa ƙara komai.

Saura kwana huɗu ƙarshen wata Ɗan Gayu ya shigo gidan da rana tsaka, yana washe baki, waya a hannu. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa har yanzu zuciyar Auta tana wajen mai wankin mota, shi ne ya sa abokinsa da ke ofishin gidan man ya tono masa hoton kyamarar ranar.

"Baba, yanzu aka turo min, ko buɗewa ban yi ba. Na ce mu gani tare, har da Auta, ta ga sakarcin wanda take kuka a kansa."

Auta ta taso da gudu daga ɗaki. "Kada ka kunna! Don girman Allah kada ka kunna!"

Ina! Ya riga ya danna, ya sa wayar a hannun Baba.

Ga farar mota ta shigo. Ga tsoho da hula ya sauko, ya ɗaga wa dogon yaro hannu, yaron ya juya wajen wata mota. Ga tsohon ya tsaya a tsakanin famfo biyu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na fetur.

Ba wanda ya yi motsi a tsakar gidan. Bidiyon ya ci gaba har inda motar ta fita, dogon yaron ya bi ta da gudu yana ɗaga hannuwa.

"Sake kunnawa," in ji Baba.

Ɗan Gayu ya sake. Baba ya kalla har ƙarshe. Ya miƙa masa wayarsa.

"Na gode, ɗana. Ka gaida mahaifinka. Ka ce masa kada su wahalar da kansu zuwa."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Kwana biyu bai fito ba sai don alwala. Auta takan ajiye abinci a ƙofa, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, don abin da take roƙon Allah ya bayyana ya bayyana, ga shi kuma ta kasa yin murna ko ta minti ɗaya.

Ran na uku da hantsi ya fito da kayansa masu kyau. Ya ba Umma makullin motar ya ce ta adana, ya ce kuma a nemo masa ranar ganin likita.

"Auta, kai ni wurin yaron nan. Riƙe min hannu, ban yarda da kaina ba."

Dogo yana cikin kumfa har gwiwar hannu ya hango su. Ya yar da soso ya taho da sauri zai durƙusa, Baba ya riƙe kafaɗarsa.

"Tsaya. Yau ni ya kamata in durƙusa."

"Subhanallahi, Baba, kada ka yi haka."

"Na zage ka a gaban mutane, na sa an kore ka, na kore ka daga gidana. Kana da gaskiya a bakinka ka haɗiye. Don me?"

"Laifina yana ciki, Baba. Da na bi doka ban bar maka famfon ba, da..."

"Da na ci mutuncinka na ƙwace. Na san halina." Ya yi ɗan murmushi, idanunsa suka cika. "Shekara talatin ban yi kuskure ba, na tashi na yi biyu a jere. Na motar ba ya gyaruwa a hannuna. Na biyun nake so in gyara. Ka yafe min?"

Dogo ya gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan kumfar hannunsa.

"To ka turo manyanka gobe, ba jibi ba. A ɗaura auren nan da wuri, tun ina gane fuskarta."

Auta ta juya baya ta rufe fuska. Masu motocin da ke jira ba wanda ya yi hon.

Cikin sati uku aka ɗaura. Likita ya riga ya faɗi abin da ya faɗa, ya ba da magunguna, ya ce za su rage gudu amma ba za su tsayar ba. Ranar ɗaurin auren Allah ya ba Baba safiya mai kyau. Shi da bakinsa ya ba da 'yarsa, ya faɗi sunanta cikakke ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Bakanike ya zo da tabaransa mai zare, masu shaguna suka cika layin, yayyen Auta suka yi ta kai da kawo. Da safen Dogo ya turo mata:

"Malamata, an ba ni izinin sunan?"

"An ba ka har abada."

Da la'asar, bayan mutane sun ragu, ango da amarya suka shiga yi wa Baba sallama. Hayaniyar yinin ta gajiyar da shi. Yana zaune a bakin gado, Umma na gefensa. Suka durƙusa a gabansa.

Ya shafa kan Auta. "Auta ce. Yau kin yi kyau." Sannan ya dubi Dogo, ya daɗe yana dubansa, da ladabi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo. Ya sunkuyo wajen kunnen 'yarsa. "Wane ne wannan?"

Umma ta kawar da kai.

"Mijina ne, Baba."

"Mijinki? Wa ya ba shi ke?"

"Kai ne, Baba. Da safen nan."

Ya sake duban Dogo, tun daga hula har ƙasa. Dogo bai sunkuyar da kai ba, ya bar shi ya duba iya son ransa. Can sai fuskar tsohon ta saki. Ya kamo hannun saurayin, ya kamo na 'yarsa, ya haɗa su a kan gwiwarsa.

"To ashe na iya zaɓe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu jin ƙanku. Yaro, ka riƙe min ita da kyau."

"Zan riƙe ku duka, Baba," in ji Dogo.

Umma ce ta fara cewa amin.